Gwajin Baƙin Mai da Sanin Lokacin Juye a Injinan Noman Rani na Kura da Bunkure

1.0 Gabatarwa

Yankin Kura da Bunkure da Garun Malam na daga cikin wuraren da suka yi fice a harkar noman rani a Nijeriya. Tushen wannan fice shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974 a zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, da kuma Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda yake ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Ruwan Tiga yana gangarowa da kansa ta manyan magudanai zuwa gonaki, amma duk da haka noman yankin bai wadatu daga inji ba. Da tarakta ake yin huɗa, da injin ban ruwa ake kai ruwa gonakin da magudana ba ta isa ba, sa'annan da inji ake sussuka da casar shinkafa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan injina rayuwarsa ta rataya ne a kan baƙin mai.

Wannan babi zai yi bayani a kan tambayar da kowane mai inji yake fuskanta, wato yaushe ne ya kamata a yi juye? Za a nuna cewa launin mai da ƙidayar watanni ba su isa hujja ba, kuma halin da man yake ciki shi ne ya fi cancantar a dogara da shi.

2.0 Aikin Baƙin Mai a Cikin Inji

Baƙin mai yana gudanar da muhimman ayyuka guda biyar a cikin inji. Na farko, yakan shiga tsakanin ƙarafa masu motsi domin kada su riƙa cin junansu. Na biyu, yakan ɗebe zafi daga sassan da ruwan lagireto ba ya kaiwa. Na uku, yakan kwashe ƙunar mai da sauran datti ya riƙe su a jikinsa har su isa matata. Na huɗu, yakan toshe 'yar ƙafar da ke tsakanin fistin da bangon silinda. Na biyar, yakan kare ƙarfe daga tsatsa da kuma asid ɗin da ƙonewar mai take haifarwa.

Man da ake saye a galan haɗi ne na abubuwa biyu: asalin mai da kuma sinadaran ƙari da kamfani yake zubawa. Waɗannan sinadarai su ne suke kashe asid, su hana datti dunƙulewa, su kuma rage zaizayar ƙarfe. Yayin da inji yake aiki suna ƙarewa a hankali, shi kuma asalin man yana tsufa saboda zafi da iska. Wannan shi ne dalilin da ya sa juye ya zama tilas.

3.0 Hanyoyin da Aka Saba Bi da Rauninsu

A al'ada, masu inji sukan dogara da ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Wasu sukan zaro sandar awon mai su duba launi, idan ya yi baƙi su ce ya mutu. Wasu sukan murza shi tsakanin yatsu domin jin kaurinsa. Wasu kuma sukan ƙidaya watanni, ko su jira ƙarshen kakar aiki.

Kowace daga cikin hanyoyin nan tana da rauni. A injin dizal, sabon mai yakan yi baƙi cikin 'yan sa'o'i kaɗan, domin yana kwashe ƙuna, wanda kuwa aikinsa ne. Saboda haka baƙi ba ya nuna lalacewa. Haka nan kauri yana iya yaudara, domin man da ƙuna ta kaurara, idan man dizal ya tsiyaya a cikinsa ya tsinka shi, sai a ji shi daidai a hannu alhali illa biyu ce ta haɗu. Ita kuwa ƙidayar watanni ba ta la'akari da yawan aiki. Kamfanonin da ke ƙera injina da sa'o'in aiki suke lissafi. Yawancin taraktoci ana son a yi musu juye bayan kimanin sa'o'i 250, wasu na zamani har 500. Taraktar da take aikin sa'o'i 10 a kullum a lokacin gyaran gona za ta cika sa'o'i 250 cikin kwana 25 kacal, yayin da wadda take ajiye ba za ta cika su ba ko a wata shida.

Su ma sa'o'in da kamfani ya ƙayyade an gina su ne a kan matsakaicin yanayin aiki. Yanayin Kura da Bunkure kuwa ya fi haka tsanani. Noman rani yana zuwa ne daidai da hunturu, lokacin da iska take ɗauke da ƙura mai laushi daga Sahara, ga kuma ƙurar huɗa da ƙaiƙayin shinkafa. Daga nan sai bazara ta shigo da zafin da yakan haura digiri 40. Bugu da ƙari, akwai matsalar gurɓataccen mai da jabun baƙin mai a kasuwa. Sakamakon haka mai inji yana tsakanin asara biyu. Idan ya yi gaggawar juye, ya zubar da man da bai gama aikinsa ba, a lokacin da kayan inji suka yi tsada, musamman tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023. Idan kuma ya yi jinkiri, inji yana iya bugawa a tsakiyar aiki, kuma tumatir ko alkamar da ta rasa ruwa a lokacin fure ba ta jiran bakanike.

4.0 Ma'ana da Tarihin Gwajin Baƙin Mai

Gwajin baƙin mai shi ne ɗibar ɗan samfuri daga man da ke cikin inji a kai shi ɗakin gwaje-gwaje domin a gano halin da man yake ciki da kuma halin da injin yake ciki. Ana iya kwatanta shi da gwajin jini a asibiti, inda ɗan abin da aka ɗiba yake ba da labarin jiki duka.

Wannan dabara ta samo asali ne daga kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka a shekarun 1940, lokacin da suke komawa ga kawunan jirage masu amfani da dizal. Kamfanin jirgin ƙasa na Denver da Rio Grande yana cikin na farko da suka riƙa auna ɓurɓushin ƙarfe a cikin mai domin hango lalacewar inji. A shekarun 1950 rundunar sojan ruwan Amurka ta ɗauki dabarar domin injinan jiragen samanta. Daga baya kamfanonin manyan injina, irin su Caterpillar, suka mayar da ita wani ɓangare na hidimar da suke yi wa abokan cinikinsu. A yau ana amfani da ita a masana'antu da ma'adinai da manyan gonaki a sassan duniya.

5.0 Abubuwan da Gwaji Yake Bayyanawa

Rahoton gwaji yakan amsa tambayoyi uku.

5.1 Shin man yana da sauran ƙarfi?

A nan ana auna kaurin mai a zafin digiri 100, a kwatanta shi da na sabon mai irinsa, misali mai lamba 15W-40 da aka fi zuba wa injin dizal. Idan ya yi kauri fiye da kima, alama ce ta tsufa ko yawan ƙuna. Idan ya tsinke, akasari man dizal ko fetur ne ya shiga. Ana kuma auna ƙarfin da ya rage masa na kashe asid. Bisa ƙa'idar da aka fi bi, idan wannan ƙarfi ya sauka zuwa kimanin rabin na sabon mai, lokacin juye ya yi. Man dizal mai yawan farar wuta yana saurin cinye wannan ƙarfi, domin ƙonewarta asid take haifarwa.

5.2 Me ya shiga cikin man?

Manyan baƙi huɗu ne suke kutsawa cikin mai: ƙura da ruwa da man ƙonawa da kuma ƙuna. Ana gane ƙura ta hanyar hauhawar sinadarin silikon, wanda shi ne jigon yashi. Ana gane yoyon ruwan lagireto ta hanyar samun ruwa a man, ko sinadaran sodiyum da fotasiyum idan ana zuba ruwan sanyaya inji na kamfani.

5.3 Wane sashe na inji yake zaizayewa?

Kowane sashe na inji da irin ƙarfen da aka ƙera shi da shi. Yawan baƙin ƙarfe yana nuni ga bangon silinda ko karanshaf. Alminiyum yana nuni ga fistin, kuromiyum ga ringi, jan ƙarfe da dalma kuwa ga metal ɗin da karanshaf yake juyawa a kai. Waɗannan ɓurɓushi ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, shi ya sa ake auna su da kashi cikin miliyan.

Muhimmancin wannan zai fito fili da misali. A ɗauka cewa an gwada man wata tarakta aka ga kaurinsa daidai, amma silikon da baƙin ƙarfe da kuromiyum sun hau tare. Fassarar wannan ita ce ƙura tana shiga ta matatar iska da ta yage ko bututun da ya tsage, tana goge silinda da ringi. Mai taraktar da ya tsaya ga juye kawai zai zuba sabon mai, ƙura kuwa ta ci gaba da ɓarna har a kai ga sauke inji. Wanda ya yi gwaji zai gyara matata da ɗan kuɗi kaɗan. Ke nan amfanin gwaji ya wuce sanin ranar juye, ya haɗa da gano cuta tun tana ƙarama.

6.0 Ƙa'idojin Ɗibar Samfuri

Sakamakon gwaji ba ya inganta sai samfuri ya inganta. Don haka ana kiyaye waɗannan ƙa'idoji:

(a) A ɗibi mai yana da ɗumi, jim kaɗan bayan an kashe inji, kafin datti ya kwanta.

(b) A yi amfani da sabuwar kwalba mai tsabta da murfi. Kimanin mililita 100 ya wadatar.

(c) Idan a wajen juye za a ɗiba, a bar na farko ya zube, a tari na tsakiya.

(d) A rubuta sunan inji da irin mai da sa'o'in da man ya yi da adadin cikon da aka yi.

(e) A riƙa maimaitawa a kan lokaci, domin kwatanta sakamako da na baya ya fi gwaji guda ɗaya fa'ida.

Bai dace a tsawaita lokacin juye fiye da abin da kamfani ya ƙayyade ba sai gwaje-gwaje da dama a jere sun nuna man yana da saura, kuma inji mai garanti ba a ƙetare ƙa'idarsa.

7.0 Wane Inji ne Ya Cancanci Gwaji?

Ba kowane inji ne ya cancanci a kai mansa ɗakin gwaje-gwaje ba. Ƙaramin injin ban ruwa mai amfani da fetur, irin wanda manoma suke ɗaurawa a bayan babur, man da yake ɗauka bai kai lita ɗaya ba, kuma yawancinsu ba su da matatar mai. Kuɗin gwaji zai ninka kuɗin man. Abin da ya dace da shi shi ne bin sa'o'i: juyen farko bayan kimanin sa'o'i 20, sa'annan duk bayan sa'o'i 100, ko ƙasa da haka idan ƙura ta yi yawa. Injin da yake aikin sa'o'i 8 a kullum zai cika sa'o'i 100 kafin mako biyu, abin da manoma da yawa ba su lura da shi.

Gwaji ya fi dacewa da tarakta da motar girbi da babban janareto na masana'antar casar shinkafa, waɗanda suke ɗaukar mai da yawa, gyaransu yake da tsada, tsayawarsu kuma take shafar mutane masu yawa. Ƙungiyoyin manoma da masu ba da hayar tarakta suna iya tara samfurori su aika tare domin rage ɗawainiya.

Akwai kuma gwaje-gwaje masu sauƙi da ake iya yi a gona. Idan aka ɗiga mai a kan farar takarda mai tsotsa aka bar ta a shimfiɗe na wasu sa'o'i, man da yake da sauran ƙarfi yakan bazu da launi ɗaya mai dusashewa zuwa gefe. Wanda ya gaji yakan bar baƙin ɗigo mai duhu a tsakiya. Idan aka ɗiga shi a kan ƙarfe mai zafi ya yi ƙara kamar ana suya, akwai ruwa a cikinsa. Man da ya koma kalar shayi mai madara shi ma ruwa ne ya shige shi. Idan kuwa mai yana ƙaruwa a sandar awo ba tare da ciko ba, yana kuma warin dizal, to man ƙonawa ne yake tsiyaya. Waɗannan ba su maye gurbin ɗakin gwaje-gwaje, amma sun fi dogaro da launi nesa ba kusa ba.

Wajibi ne kuma a kula da inda ake zubar da tsohon mai. Zuba shi a magudana ko a bakin gona yana gurɓata ruwan da amfanin gona da dabbobi da mutane suke sha.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa baƙin mai yana ɗauke da labarin kansa da na injin da yake ciki, kuma gwaji shi ne hanyar karanta wannan labari. An ga cewa babban inji ya cancanci gwaji, ƙarami kuwa rubuta sa'o'in aiki da kiyaye su ya ishe shi. Malamin da zai koyar a irin wannan yanki zai tarar da ɗalibai waɗanda iyayensu suke rayuwa da waɗannan injina. Idan ya iya bayyana musu wannan ilimi da Hausa mai sauƙi, ya kuma koya musu ajiye littafin sa'o'in inji, to darasinsa zai isa gona kafin kakar ta ƙare. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.

Auna Fahimta

1. Kawo ayyuka biyar na baƙin mai a cikin inji.

2. Me ya sa launin mai bai isa hujjar yin juye ba a injin dizal?

3. Bayyana abin da hauhawar silikon da baƙin ƙarfe tare take nunawa.

4. Don me gwaji bai dace da ƙaramin injin ban ruwa ba?

5. Ziyarci garejin kanikawa mafi kusa, ka tattaro kalmomi 20 na sassan inji, ka rarrabe na aro da na asalin Hausa.