Juji Dukiya Ne, Kada Leda Ta Ɓata Mana Shi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana na Pauwa da Ƙanƙara, da na Faskari da Sabuwa, magana a kan shara.

Kakanninmu ba su yar da kome a banza. Sharar tsakar gida da kashin awaki da toka akan tara su a juji, da rani a loda wa jaki a mangala a kai gona, su zama taki. Tokar kara mata su tace su yi sabulu. Garma in ta cinye, maƙeri ya mai da ita lauje. Ko ƙwarya ta fashe ɗinke ta ake yi. Manoman kewayen Kano kuwa har sayen takin birni sukan yi.

Sa'an nan leda ta shigo. A Ingila aka gano sinadarinta cikin 1933, ga shi yau ta kai kowane ƙauye. Aibinta shi ne ba ta ruɓa. In ta bi taki zuwa gona sai ta tare saiwa. In akuya ta haɗiye ta sai ta yi ta ramewa, ba a gane dalili sai mahauci ya tarar da ita cunkushe a tumbi. In ta toshe magudana ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, zazzaɓi ya kama yara. In an ƙone ta hayaƙin ya cuci ƙirji. Domin haka Ruwanda ta hana jakar leda cikin 2008, Kenya ma cikin 2017.

To, kafin doka ta zo mana, ga shawarata. Kowane maigida ya raba shararsa biyu: mai ruɓa a zuba a rami a rufe da ƙasa har ta nuna, gwangwani da ƙarfe da roba a ajiye wa 'yan gwangwan, su saya. Mai zuwa kasuwa ya riƙi kwando ko ƙwarya. Ina kuma roƙon dagatai da masu unguwa su haɗa kai da duba-gari su keɓe wurin juji nesa da rijiya. Malaman makaranta su koya wa yara, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyakar maganata ke nan. A huta lafiya.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Pauwa.