Zuwa Dutsin-Ma A Kan Babur

Mu mutanen Bauranya ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, daga gonakin gero da dawa sai itatuwan kuka da gawo. Saboda haka da yawa daga cikinmu ba su san cewa akwai manyan duwatsu kusa da mu ba. Ni na sha zuwa kallonsu tare da kawuna ran Asabar in muna hutu, shi yana tuƙa babur, ni ina baya. Abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu shi ne yadda ake wannan tafiya a dawo lafiya.

Daga garinmu sai a fita zuwa Kankiya, wadda take kan babban titin Kano zuwa Katsina. Daga nan a bar titin a yi yamma, a kama hanyar Dutsin-Ma, tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba. In an doshi garin sai a riƙa hango duwatsu jefi-jefi, har a iso ga babban dutsen da garin ya ci sunansa. Kudu da garin kuma akwai madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama a 1983 a kan kogin Ƙaraduwa.

Malaminmu na labarin ƙasa ya koya mana asalin waɗannan duwatsu. Da can narkakken dutse ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa, shekaru miliyoyi da suka wuce. Ruwan sama ya yi ta zaizaye ƙasa mai laushi da ta rufe shi, har mai taurin ya fito fili. Zafin rana da sanyin dare kuwa su ke sa bayansa ya riƙa ɓarewa, shi ya sa kan dutsen yake da sulɓi.

To, amma kallo sai da rai. Kafin mu tashi, kawu yakan duba iskar taya da birki da baƙin mai, ya cika tanki da fetur. In mun zo gangara ba ya kashe inji don tsimin mai, kamar yadda wasu ke yi, sai ya sa ƙaramar giya don injin ya taya birki riƙe babur. A kan kwana yakan rage gudu tun kafin ya shiga, domin rairayin da ruwa ya kwaso kan kwalta yana zame taya. Ga kuma shanu da kan tsallaka ba sallama. Ni aikina in zauna daram, in ya karkata in bi shi.

Sai maganar hular kwano. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa ta a farkon 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka. Ƙwarya kuwa ko faɗuwa ta yi daga kan mai tallar fura fashewa take, balle ta kare kan mutum. Haka kuma doka ba ta ba wanda bai kai shekara 18 lasin ba, don haka irinmu sai mu haƙura da zaman baya.

Abu na ƙarshe ya fi sauran nauyi. 'Yan bindigar da suka addabi yammacin jiharmu da babura suke yawo. Wannan ne ya sa a 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana goyon mutum uku a babur, ta kuma dakatar da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Caranci. Saboda haka kawu ba ya barin Kankiya sai ya tambayi direbobin tasha labarin hanya. In suka ce a dakata, gida muke komawa. In mun tafi kuwa, ba ma ratsewa cikin daji, kuma kafin la'asar mun juyo.

Ina roƙon iyaye su bar yara su ga ƙasarsu, amma tare da babba mai hankali, kuma a lokacin da hanya take lafiya. Allah ya ba jiharmu zaman lafiya, amin.