Injin Jirgin Yaƙi Ma Yana Da Wa'adi

Mu da muka tashi a Malumfashi muna taya iyayenmu noman rani mun san doka ɗaya: injin ban-ruwa ba shekarunsa ake dubawa ba, awannin da ya yi yana aiki ake lissafawa. In lokacin juye ya yi aka share, to ranar da tumatir ya fi jin ƙishi ne zai mutu. Jirgin yaƙin da muke ɗaga kai mu kalla in ya ratsa sama, shi ma a kan wannan doka yake.

A cikin injinsa akwai ƙananan fukafukai na ƙarfe da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya, cikin zafin da ya haura digiri 1,000. Duk lokacin da matuƙi ya ba shi wuta sannan ya sassauta, ƙarfen kan buɗe ya kuma tsuke, kamar waya da ake lanƙwasawa har ta karye. Shi ya sa bayan awanni, makanikai na ƙirga wannan hawa da sauka, kowanne zagaye guda. Ƙurar hunturu kuwa tana cin fukafukan kamar yadda yashi ke cinye bakin fartanya.

In adadin ya cika, ko injin na kuka lafiya lau sai an sauke shi an yi masa garambawul: a warware shi kaf, a nemo tsagar da ido ba ya gani, a canja abin da wa'adinsa ya ƙare.

An yi nisa a wannan fanni. Injin jirgin Me 262 na Jamus a 1944 bai cika wuce awa 25 ba. Yau injin F100-PW-229 na Amurka, wanda ake sa wa jirgin F-16, an ƙara tazarar garambawul ɗinsa daga zagaye 4,300 zuwa 6,000.

Nijeriya ta ɗanɗana kuɗar sakaci da wannan lissafi. Jiragen Jaguar 18 da aka kawo daga Ingila a 1984 ba su kai shekara goma suna tashi ba aka jingine su, saboda tsadar kula da su. Amma Alpha Jet, da suka zo tun farkon shekarun 1980, an gyara wasunsu sun koma fagen daga. A yankinmu da 'yan bindiga suka hana wasu manoma shiga gonakinsu, jirgin da ke jiran inji a ƙasa ba zai kawo wa kowa ɗauki ba.

Mukan yi burin zama matuƙa, mu manta da mai riƙe da littafin awannin inji, alhali sai ya sa hannu jirgi ke tashi. Cibiyar fasaha ta sojojin sama, AFIT da ke Kaduna, tana ɗaukar farar hula ta hanyar JAMB, maza da mata. Mu riƙe lissafi da fizis da kyau. Kafin nan, mu samu littafi mu fara rubuta awannin injin ban-ruwan gidanmu.