Kifin Kogi A Cikin Ɗaki: Sai An Gina Masa Irin Gidansa

Hausawa na cewa kifi a ruwa sarki ne. Amma a wasu gidaje da ofisoshin Abuja sarautar ba ta daɗewa: a zuba kifi cikin akwatin gilashi don ado, kafin mako ya zagayo ya mace. Galibi dalili shi ne sabon gidan bai yi kama da kogin da ya baro ba.

Kurungu, wanda ya yawaita a kogunan Neja da Binuwai, da rana ɓuya yake yi, sai dare ya fito kiwo. Saboda haka a sa masa saiwoyi da duwatsu masu kogo, a kuma rage haske. Miligi kuwa da 'yar wutar lantarkin jikinsa yake laluben hanya, yana tonon abinci a ƙasa. Yashi mai laushi yake bukata, domin tsakuwa mai kaifi tana yi masa rauni. Kada a haɗa ƙananan kifaye da tarwaɗa, haɗiye su za ta yi.

Sai batun ruwa. Na famfon Abuja, mai fitowa daga madatsar Usuma, yana da sinadarin kulorin mai kashe kifi. A bar shi a buɗe kwana 2 kafin a zuba. Ɗuminsa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 28, ko da hunturu. Kada kuma a cunkusa kifaye, don in aka ɗauke wuta injin iska tsayawa yake yi.

Kafin mutum ya sayi gilashi, gara ya je bakin Kogin Gurara ya ga yadda Allah ya tsara gidan.