Gyara Kayanka: Yadda Ake Kula da Tsohuwar Tarakta da Yadda Ake Tayar da Wadda Ta Kwanta

A bayan ofisoshin aikin gona da garejin makanikai a ƙasar nan, ba wuya mutum ya ga tarakta a yashe, tayoyinta sun sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta, kaji suna kwana a kujerar direba. Wasu daga cikinsu sun shigo ne zamanin shirin Operation Feed the Nation na 1976 da shirin Green Revolution na 1980, lokacin da gwamnati ta duƙufa wajen yawaita injunan noma, har aka kafa masana'antar haɗa taraktocin Steyr a Bauci. Idan aka bincika, sau da yawa akan tarar abin da ya kwantar da tarakta bai taka kara ya karya ba: batir ya mutu, ko famfon mai ya toshe, aka ce sai gobe, goben ta zama shekaru. Ga shi kuwa sabuwar tarakta ta fi ƙarfin yawancin manoma, damina kuma ba ta jiran kowa. Saboda haka wajibi ne manoma da ƙungiyoyinsu su san yadda ake riƙon wadda ke aiki, da yadda ake tayar da wadda ta kwanta.

Abin da ya sa tsohuwar tarakta ta cancanci gyara

Ƙananan taraktocin da aka ƙera daga 1946 zuwa shekarun 1970 an yi su ne da zubabben ƙarfe mai kauri, kuma ba su da na'urar kwamfuta a jikinsu. Duk abin da ya lalace, bakanike na iya ganinsa da ido, ya kwance shi da sufana. Alal misali, ƙaramar Ferguson mai ruwan toka, samfurin TE20, an ƙera fiye da 500,000 a birnin Kobantiri na Ingila tsakanin 1946 da 1956. Irinta guda uku ne Edmund Hillary da mutanensa suka tuƙa a kan ƙanƙara har suka kai ƙuryar kudancin duniya a watan Janairu na 1958. Massey Ferguson 135, wadda ta fito a 1964, yawancinta da injin Perkins mai silinda uku, ta bazu a ƙasashe da yawa, har yanzu kuma ana ƙera kayan gyaranta.

Akwai kuma waɗanda suka fi waɗannan ƙanƙanta, watau taraktocin lambu. A Amurka kamfanin International Harvester ya fito da Cub Cadet a 1961, John Deere kuma ya fito da samfurin 110 a 1963, dukansu da injin fetur na Kohler mai silinda ɗaya da ƙarfin dawaki 7. Mutanen can suna neman tsofaffinsu su gyara, su ci gaba da noma lambu da su bayan shekara sittin da ƙera su. Injin irin wannan ɗan'uwa ne ga na injin ban ruwa da ƙaramar tarakta mai taya biyu da manoman fadama suka saba da su, don haka ƙa'idar kula da su ɗaya ce.

Abubuwa huɗu da ke kashe inji

Na farko ƙura. Inji yana shaƙar iska mai yawan gaske, kuma ƙurar da ta tsallake filta takan gauraya da baƙin mai ta riƙa cin silinda da ringin fistin kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. A lokacin hunturu da sharar gona wannan haɗari ya fi tsanani.

Na biyu mai maras tsabta. Famfon man gas da nozil an yi su ne da matuƙar daidaito, ɗan yashi ko ɗigon ruwa ya isa ya lalata su, gyaransu kuwa yana cikin mafi tsada a jikin tarakta.

Na uku zafi. Idan ƙaiƙayi ya toshe fuskar lagireto, ko fanbel ya saki, inji yakan yi zafi har gaskit ya ƙone ko kan silinda ya tsage. Ƙaramin inji da iska ke sanyaya shi, shi ma yakan ƙone idan datti ya cika tsagogin jikin silindarsa.

Na huɗu zama. Taraktar da aka bari a fili ruwan sama yakan shiga ta salansa ya sauka kan fistin, tsatsa ta kama, inji ya cije. Fetur da ya daɗe a kafireto yakan zama danƙo, batir kuma ya mutu.

Kulawar yau da kullum

Kowace safiya kafin a tayar da inji, lalle ne direba ya ajiye tarakta a wuri mai daidai, ya zaro sandar awon baƙin mai ya duba, ya duba ruwan lagireto, ya leƙa ƙasa ko akwai alamar yoyo, ya kuma duba iskar tayoyi da notocinsu. Tsofaffin taraktoci da yawa suna da filtar iska mai kwanon mai a ƙasanta. A lokacin ƙura sai a cire kwanon kullum, a zubar da lakar da ta taru, a wanke, a zuba sabon mai daidai layin da aka zana. Wuraren giris kuma a ba su haƙƙinsu, a goge bakinsu tukuna don kada a tura yashi ciki.

Baƙin mai da awoyin aiki ake lissafinsa. Ƙaramin injin fetur wanda ba shi da filtar mai galibi akan sauya masa bayan awa 25, taraktar man gas kuwa bayan kamar awa 200 zuwa 250, tare da filta. Littafin da masana'anta ta bayar shi ne alƙali, kuma ya kamata a tanadi ɗan littafi da za a riƙa rubuta ranar da aka yi kowane aiki. A zubar da tsohon mai yayin da inji ke da ɗumi, domin ya fito da dattinsa.

Man gas da aka kawo a duro a bar shi ya kwanta kwana ɗaya ko biyu kafin a ɗiba, kada kuma a ɗebi na ƙasan duron. A cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, gama tankin da ya kwana rabi yakan tara raɓa a ciki. Batir kuma, idan irin mai murfi ne, da tataccen ruwa kaɗai ake ƙara masa, ban da ruwan rijiya.

Bincike kafin a kashe kuɗi

Ba kowace tarakta ce ta cancanci a zuba mata kuɗi ba. Kafin a sayi ko noti ɗaya, sai a wanke ta, a nemi lambar da aka buga a jikinta da ta jikin inji, domin da lambar ake gane samfuri da shekara, a kuma sayi kayan da suka dace. Sa'an nan a duba gangar jikin inji da akwatin giya ko akwai tsaga. A zaro sandar mai: idan man ya koma ruwan madara, ruwa ya shiga cikinsa. A ƙarshe a gwada juya inji da hannu. Idan gangar inji lafiya take, giya na shiga, kuma ana samun kayan gyara a kasuwa, to, aikin mai yiwuwa ne. Idan kuwa gangar ta fashe, ya fi kyau a ajiye taraktar a riƙa cire kayanta ana gyara wata.

Matakan tayar da wadda ta kwanta

Babban kuskure shi ne a ɗauro wata mota a ja taraktar da ta shekara biyar a kwance don ta tashi da ƙarfi. Yin haka na iya karya ringi ko tanƙwara sandar fistin. Idan inji ya cije, sai a cire fulogi ko nozil, a zuba ɗan man gas ko man sassauta tsatsa a kowace silinda, a bar shi kwanaki, ana gwada juyawa gaba da baya a hankali. Idan ya saki, a juya shi ba fulogi har man da aka zuba ya fice sarai. In ya ƙi, sai a buɗe kan silinda.

Bayan wannan a zubar da duk tsohon mai na inji da na giya da na haidurolik, a zuba sabo. A cire tanki a wanke, a sauya filtoci da robobin da suka bushe. A wanke lagireto ciki da waje. A bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, domin ɓera yakan ci su. Wajen ɗaura batir a lura ƙwarai, gama wasu tsofaffin taraktoci batirinsu mai bolt 6 ne, wasu kuma kan batir mai alamar tarawa ne ake haɗawa da jikin ƙarfe.

Injin fetur yana bukatar a kwance kafireto a wanke ƙananan ramukansa, a goge fuwan, a sa sabon fulogi. Injin man gas kuwa ba zai tashi ba muddin akwai iska a bututun mai. Sai a sassauta notin fitar da iska na kan filta, a riƙa danna ƙaramin famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure, sa'an nan a yi haka a babban famfo. Gyaran cikin babban famfo da nozil aikin gwani ne mai na'urar gwaji, kada a buɗe su a gindin bishiya.

Da inji ya tashi, ido ya koma kan agogon mai. Idan bai nuna ƙarfin mai ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, a kashe nan take. Hayaƙi ma yana ba da labari: baƙi na nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, shuɗi na nuna inji yana ƙona baƙin mai, fari wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi na nuna ruwa na shiga silinda ko man gas ba ya ƙonewa sosai. Sai an tabbatar da birki da kuloci da sitiyari kafin a kai ta gona. Fenti shi ne aikin ƙarshe: a kankare tsatsa, a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa, sa'an nan na sama.

Kiyaye rai da lafiya

Yawancin tsofaffin taraktoci ba su da ƙarfen da ke kare direba idan sun kife, saboda haka ya kamata a sa musu wanda aka ƙera domin samfurinsu. Duk abin da za a ja, a ɗaure shi a ƙarfen ja na ƙasa. Idan aka ɗaura sarƙa sama da gatarin baya, tarakta na iya miƙewa ta faɗo da baya kan direba kafin ya kai ƙafa ga kuloci. Sandar da ke juya injuna a bayan tarakta tana juyawa sau 540 a minti ɗaya, watau sau 9 a daƙiƙa. Babbar riga ko rawani ko zani idan ya taɓa ta, ba a samun zarafin tserewa. A rufe ta da murfinta, a kuma kashe inji kafin a kusance ta.

Kada a tayar da inji a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa. Kada a buɗe lagireto yana tafasa. Kada a lalubi yoyon nozil ko na haidurolik da yatsa, domin man yana iya huda fata, wanda hakan ya same shi kuwa a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Kada a shiga ƙarƙashin taraktar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare da kauraran katakai. Tsofaffin birki da kuloci na iya ƙunsar asbestos, tsohon fenti kuma na iya ƙunsar dalma, don haka a jiƙa ƙurarsu a goge, kada a hure ta, a kuma rufe hanci. Tsohon baƙin mai a tara shi a jarka, nesa da rijiya da kwata. Yara kuwa ba a ɗaukarsu a kan tarakta ko da gida za a koma.

Ajiya bayan kaka

Idan aikin shekara ya ƙare, a wanke tarakta, a sauya baƙin mai, a yi giris, a shafa mai a bakin garma. Ta man gas a cika tankinta, ta fetur kuwa a zubar da na kafireto. A cire batir a ajiye a inuwa, ana yi masa caji kamar sau ɗaya a wata. A sa ta a rumfa, a ɗage tayoyi kan katako, a kife gwangwani a bakin salansa. Duk kayan da aka lura sun gaji a saye su tun da rani, lokacin da bakanike ke da sarari, kada a bari sai ruwan shuka ya sauka kowa na rububin gareji.

Manomi ko ƙungiyar da ke bukatar ƙarin bayani sai su tuntuɓi malamin gona na yankinsu. Cibiyar Nazarin Aikin Gona ta Samaru a Zariya da Cibiyar Injunan Noma ta Ƙasa da ke Ilori su ma suna da masana wannan fanni.