Tunanin Ƙirƙira da Hanyar Raya Shi a Makaranta

Ɗalibi, wataƙila kana zaton ƙirƙira baiwa ce ta mutane ƙalilan. Masana halayyar ɗan Adam suna ganin kowa yana da rabonsa a cikinta, kuma tana ƙaruwa da horo.

A shekarar 1950, wani masani ɗan Amurka, J. P. Guilford, ya yi kira da a yi nazarin ƙirƙira sosai. Ya raba tunani gida biyu. Na farko yana neman amsa ɗaya tak, kamar a darasin lissafi. Na biyu yana bazuwa ya nemo amsoshi iri-iri. Idan aka ce ka lissafa amfanin bulo ban da gini, sai ka ce kujera, murhu ko tokarin ƙofa, to, ka yi tunani na biyu. Mai ƙirƙira yana buƙatar duka biyun: ɗaya ya samo dabaru, ɗayan ya zaɓi wadda ta fi.

Tun a 1926, Graham Wallas na Ingila ya bayyana matakai huɗu da sabuwar dabara take bi: tattara bayanai, barin matsalar ta kwana a zuci, ɓullowar dabara, sannan gwada ta.

Dubi Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa. Ya lura kayan lambu suna ruɓewa a ƙauyukan da ba su da lantarki. Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Yayin da ruwan yake ƙafewa, yana tafiya da zafi, sai cikin tukunyar ya yi sanyi. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Sana'ar ginin tukwane da ilimin kimiyya ya haɗa.

Garin Gombe ma yana da matsalolin da suke jiran irin wannan tunani. A damina, zaizayar ƙasa takan ci gidaje da hanyoyi, leda kuma ta toshe magudanan ruwa. Ba za ka sami maganinsu da hadda kawai ba.

Babban abin da yake kashe ƙirƙira a aji shi ne tsoron dariya. Ɗalibin da aka yi wa ba'a sau ɗaya yakan daina ɗaga hannu. Saboda haka, ya kamata malami ya riƙa yin tambayoyi masu amsa fiye da ɗaya, kuma ya bari a gama kawo shawarwari kafin a fara tace su. Kai kuwa, ka riƙa rubuta dabarunka a littafi, ka yawaita tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.

Aikin yi: Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya kawo hanyoyi goma na amfani da tsohuwar leda. Bayan haka, ku zaɓi guda ɗaya ku gwada ta a harabar makaranta.