Na'urar tafiya a ɗaki: Abubuwan da ɗan Damargu zai duba kafin ya saya wa gida

Duk mai leƙa TikTok ko Facebook a 'yan shekarun nan ya san ta: wata shimfiɗaɗɗiyar na'ura mai kama da faffaɗan katako, mutum yana tafiya a kanta a tsakiyar ɗaki, idan ya gama ya tura ta ƙarƙashin gado. Ƙanwa ce ga manyan injunan gudu da ake gani a gidajen motsa jiki, sai dai ta fi su sauƙin kuɗi, ba ta cin wuri, kuma don tafiya aka yi ta.

Ga 'yan Damargu da ke neman kuɗi a Libiya, Aljeriya, Kano, Legas ko Faransa, tallar tana zuwa daidai kan gaɓa. Likita ya ce wa Inna ko Baba hawan jini ne ko ciwon suga, ya kuma ce a riƙa tafiya kullum. Ɗa yana nesa, abin da zai iya shi ne ya tura kuɗi ko kaya.

To amma na'urar da aka ƙera don ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa, idan ta sauka a Tanut ko Belbeji wata duniya ta shigo. Abin da zai sa kuɗin ya yi amfani ko ya tafi a banza shi ne amsar tambayoyi huɗu: wa zai hau, wace wuta za ta ja, ina za a ajiye ta, wa zai gyara ta. Farashi yana biyo bayan waɗannan.

Wa ke buƙatarta?

Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji a arewacin jihar Damagaram, ƙasar gero ce da kiwo. Manomin da ke zuwa gona a ƙafa, da makiyayin da ke bin raƙuma, da matar da ke daka da ɗebo ruwa, babu wanda zai ce musu su nemi injin tafiya.

Masu buƙatar suna cikin gari: ma'aikacin ofis, ɗan kasuwar da ke wuni a zaune a shago, direban da ke bin hanyar Damagaram zuwa Agadas, dattijon da ya yi ritaya, da duk wanda babur ya raba shi da tafiyar ƙafa. Sai kuma matan aure da ba su cika fita ba, waɗanda yawon motsa jiki a bakin titi ba abu ne mai sauƙi gare su ba. Ga bazara, lokacin da zafin watannin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu da ke tayar wa masu asma ciwo.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Minti 30 sau biyar a mako ya cika mafi ƙarancin adadin. Matsakaici kuwa shi ne tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan hau amma mutum yana iya magana.

Maganar taku 10,000 a rana da wayoyi ke ƙirga wa mutane, asalinta tallar wata na'urar ƙirga taku ce da aka fitar a Japan a 1965. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2019 kan mata tsofaffi ya gano cewa masu yin taku kusan 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 ƙarancin mutuwa a tsawon binciken, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500. Ke nan tsohuwa ba ta buƙatar injin gudu, tafiya a hankali kullum ta ishe ta.

Iri uku ne a kasuwa

Na farko shi ne shimfiɗaɗɗiyar da ba ta da abin riƙewa. Saurinta yakan tsaya a wajen kilomita 6 a awa, wanda ya isa tafiya da sauri. Ta dace da matashi ko magidancin da ƙafarsa ke da ƙarfi.

Na biyu mai hannun riƙo ne da ake naɗewa. Ta ɗan fi nauyi da tsada, amma idan don dattijo ko mai jiri ake sayen, ita ce kaɗai ta cancanta. Faɗuwa a kan bel mai juyawa na iya karya ƙugun tsoho, kuma daga Belbeji zuwa babban asibitin Damagaram ba nan kusa ba ne.

Na uku ba ta amfani da wuta, ƙafar mai tafiya ce ke juya bel ɗin. Ba ruwanta da ɗauke wuta, kuma kayan da za su lalace a jikinta kaɗan ne. Aibinta shi ne masu araha a cikinsu a karkace suke kamar hawan tudu, suna buƙatar ƙarfi, suna kuma wahalar da mai ciwon gwiwa. Wanda ke zaune inda babu wuta gara ya gwada ta da ƙafarsa, ya kuma gwada keken motsa jiki na ɗaki, kafin ya zaɓa.

Wuta ce gaba da komai

Wutar NIGELEC bolt 220 ce. Na'urar da aka saya a Faransa, Aljeriya, Libiya ko Najeriya za ta yi aiki da ita, iyaka a sauya kan filogi idan na Najeriya ne mai ƙafa uku. Wadda aka saya a Amurka ko Kanada kuwa ta bolt 120 ce, kuma da zarar an jona ta kai tsaye za ta ƙone. Kafin a biya kuɗi a nemi hoton 'yar takardar da ke liƙe a jikin na'urar, a karanta da ido.

Cin wutarta ba shi da yawa. Na'urar da ke jan wat 500, idan aka yi minti 30 a kanta sau biyar a mako, abin da za ta ci a wata bai wuce kilowat-awa 5 zuwa 6 ba. Matsalar tana wajen hawa da saukar wuta, domin allon lantarkin da ke sarrafa injin shi ne yake fara mutuwa, kuma shi ne mafi wahalar samu. Saboda haka kuɗin na'urar daidaita ƙarfin wuta yana cikin lissafi tun farko, kuma a riƙa zare filogi bayan an gama.

Sai ɗauke wuta ana cikin tafiya, wanda ke sa bel ya tsaya babu shiri. Mutanen Nijar ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda ke ba ƙasar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta a lokacin, ta katse layi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni ana fama kafin a dawo da ita a farkon 2024. Wannan wani dalili ne na fifita mai hannun riƙo.

Game da sola, ƙaramin faranti da batirin da ke kunna fitila da talabijin da cajin waya ba zai ja ta ba. Inji yana fizgar wuta fiye da kima a lokacin tashi, don haka sai da inbata mai fitar da tsaftatacciyar wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta a jikin na'urar.

Lambobin da za a duba

Nauyin da take ɗauka: galibin ƙananan suna tsayawa tsakanin kilo 100 zuwa 120. A auna wanda ya fi kowa nauyi a cikin masu hawa, a bar tazarar kilo 15 zuwa 20, don injin da kullum ke aiki a iyakar ƙarfinsa ba ya daɗewa.

Faɗi da tsawon bel: kada faɗin ya gaza santimita 40, tsawon kuma ya kai mita ɗaya ko fiye. Dogon mutum yana buƙatar wajen santimita 120. A lura, faɗin wurin takawa ake nufi, domin wasu masu talla faɗin na'urar gaba ɗaya suke rubutawa.

Ƙarfin inji: lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe, kamar 2.5 HP, sau da yawa ƙololuwar ƙarfin da injin ke kaiwa ne na ɗan lokaci. A tambayi ƙarfin da yake iya riƙewa yana aiki ba tsayawa, da kuma minti nawa ake yi kafin a hutar da shi. Wannan yana da muhimmanci a gidan da mutum uku ko huɗu za su riƙa hawa bi da bi.

Mafi ƙarancin sauri: ga tsofaffi a nemi wadda ke farawa daga kilomita 1 a awa ko ƙasa da haka.

Maɓalli a jiki: wasu da rimot kaɗai ake sarrafa su, wasu ma sai da manhajar waya. Ranar da rimot ya ɓata, na'ura ta zama katako. Lasifika, bulutut da fitilu masu launi kuwa ƙarin kuɗi ne kawai.

Ƙura da zafi

Rairayi shi ne babban abokin gabar wannan na'ura a Damargu. Yana shiga tsakanin bel da katakon da ke ƙarƙashinsa ya riƙa gogawa, inji ya ƙara wahala, ya yi zafi. A ajiye ta a ɗaki mai siminti, a kan shimfiɗar roba, a rufe ta da zane bayan an gama, a kuma ware mata takalmin da ba a fita waje da shi. Tsakar gida ko rumfa ba wurinta ba ne.

Ana shafa wa ƙarƙashin bel man silikon lokaci zuwa lokaci kamar yadda takardar na'urar ta nuna. Baƙin mai, giris ko man gyaɗa suna lalata bel. Mai aikowa daga waje ya haɗo da kwalba biyu ko uku. A lokacin bazara kuma a hau da sanyin safiya ko bayan magariba, don lafiyar inji da ta mai tafiya.

Farashi na gaskiya

Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya sauyawa. A ce ka ga na'ura ta Yuro 200, wato kimanin jika 131 ke nan kafin ta bar shago. Nauyin irin waɗannan yakan kai kilo 20 zuwa 30, alhali jakar matafiyi a yawancin jirage kilo 23 ce, ga tsawon kwalin. Sai kuɗin kwastan, sai na mota zuwa Damagaram, sai wani kusan kilomita 150 zuwa Tanut. Idan aka tara, mai yiwuwa tura kuɗi a saya a Yamai ko Kano ya fi sauƙi, kuma akwai wanda za a koma wa idan ta ba da matsala. Takardar garanti ta Turai ba ta da amfani ga wanda ke Tarka.

Ba a cinikin biri a sama. Ko sabuwa ce ko ta hannu, wani ya hau ta minti goma a gaban mai sayarwa. A saurari ƙara, a duba ko bel yana zamewa ko yana karkata gefe, a shinshina ko akwai ƙaurin waya. Sannan a yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: idan bel ko allon lantarki ya lalace, a ina ake samun wani? Idan mai kaya ya fara kame-kame, araha ba ta ado.

Yara da tufafi

A watan Mayun 2021 kamfanin Peloton na Amurka ya janye injinsa mai suna Tread+ daga kasuwa bayan mutuwar wani yaro da jikkatar wasu da dama da injin ya ja ƙarƙashinsa. Wancan babban inji ne mai tsada, amma ƙaramin ma yana sale fatar hannun yaro cikin daƙiƙu. A gidajenmu masu yawan yara, dole ɗakin ya kasance mai kulluwa, a cire filogi, a ɓoye makullin tsaro, wato 'yar igiyar da ake maƙalawa a riga wadda ke tsayar da inji idan mutum ya zame. A bar fili kamar mita biyu a bayanta, kada a jingina ta da bango.

Dogon hijabi, zane mai jan ƙasa da babbar riga suna iya shiga bel. A sa wando da riga daidai jiki, da takalmi mai rufe ƙafa. Mai ciwon suga kada ya hau ba takalmi, kuma ya riƙa duba tafin ƙafarsa, domin ciwon yana rage jin zafi har rauni ya girma bai sani ba.

Mai hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga ko juna biyu ya fara jin shawarar likita. A fara da minti 10, a riƙa ƙarawa mako bayan mako. Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi alama ce ta a tsaya a nemi asibiti. Kuma motsa jiki ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta.

Idan amsar ta zama a'a

Kafin a tura ko dala, a kira wanda za a saya wa a tambaye shi ko zai hau. Na'urori da yawa a manyan birane sun ƙare a matsayin wurin rataye kaya. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce mutum ya yi wata ɗaya yana zagaya tsakar gida ko unguwa minti 20 bayan sallar asuba. Wanda ya riƙe wannan zai riƙe na'ura.

Inda babu tsayayyar wuta, babu ɗaki mai kulluwa, ko babu mai gyara, kaɗan daga cikin kuɗin ya isa a sayi takalmi mai kyau, na'urar awon jini ta hannu da ta awon suga, sauran kuma a ajiye don magani da zuwa asibiti. Inda kuwa sharuɗɗan suka cika, ƙaramar na'ura ta bolt 220 mai hannun riƙo, da bel mai faɗin santimita 40 ko fiye, tare da na'urar daidaita wuta da zanen rufewa, ta isa gida guda ya cika minti 150 ɗinsa a mako, ko ana zafi ko ana ƙura.